Sharhi kan TuneD, manhajar saita maɓallan kenel a Linux

Kenel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke tsakanin manhajoji da ƙarafunan na'ura, yana da ɗaruruwan maɓallai da ake iya juyawa na'ura tana cikin aiki. Akwai mai iyakance yawan bayanan da za a riƙe a RAM kafin a zuba su a faifai, akwai mai tsayar da girman ma'ajin kowane layin TCP, akwai mai faɗin yaushe za a fara kwashe kaya daga RAM zuwa swap, wato sashen faifai da ke taimaka wa RAM. Kowane ɗaya ɗan fayil ne a ƙarƙashin /proc/sys, umarnin sysctl kuma shi ke karanta su ya rubuta su. Duk abin da aka rubuta a can yana gogewa da zarar an kashe na'ura, saboda haka dole a sami wanda zai riƙa mayar da shi a kowace kunnawa.

TuneD na cikin masu wannan aiki. Kamfanin Red Hat ne ya rubuta ta da Python, kyauta ce a ƙarƙashin lasisin GPL, kuma tun daga RHEL 7 (Red Hat Enterprise Linux, tsarin Linux na kamfanin) ake samun ta a kunne a yawancin uwayen garken da ke kan RHEL da danginta irin su Rocky Linux da AlmaLinux. A Debian da Ubuntu sai an saka ta da `apt install tuned`. Fedora 41 ta ɗauke ta don kula da wutar laftof a madadin power-profiles-daemon, OpenShift, tsarin Red Hat na gudanar da kwantena, shi ma da ita yake saita injinansa. Maimakon mutum ya bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya, sai ya zaɓi furofayil, wato tarin saiti da aka ɗaure wuri guda aka ba shi suna, ita kuma ta shimfiɗa shi a kan na'ura.

Hukuncina a kanta shi ne: manhaja ce mai kyau ƙwarai, ta cancanci zama a kan kusan kowace uwar garke ta ƙarfe, wato inji na zahiri ba na kwaikwayo ba, amma furofayil ɗin da take zaɓar wa uwar garke da kanta an ɗinka shi ne don ɗakin da wuta ba ta yankewa kuma sanyi ba ya ƙarewa. Wanda injinsa ke rayuwa tsakanin wutar gari da janareta da batirin sola, bai kamata ya bar shi yadda ya zo ba.

Abin da take yi wanda sysctl.d ba ya yi

Kafin a ga amfanin TuneD sai an san abokin gasarta. A tsarin da ke da systemd, manhajar da ke tayar da hidimomi lokacin kunnawa, hidimar systemd-sysctl ce ke karanta fayilolin da sunansu ya ƙare da .conf a /etc/sysctl.d da /run/sysctl.d da /usr/lib/sysctl.d tun farkon tashi. Tana jera su bisa haruffan sunansu, ba tare da duba foldar da suka fito ba, kuma idan fayiloli biyu sun taɓa maɓalli ɗaya, na ƙarshe a jeri ne ke cin nasara. Idan suna ya zo ɗaya, na /etc ya shafe na /usr/lib gaba ɗaya. Tsohon /etc/sysctl.conf kuwa systemd ba ta karanta shi kai tsaye; rarrabe-rarraben Linux da yawa suna haɗa shi ne ta wata mahaɗa mai suna 99-sysctl.conf, Debian 13 ma ta daina yin hakan. A nan mutane ke yawan tuntuɓe: fayil mai suna 99-ofis.conf yana zuwa kafin 99-sysctl.conf, domin harafin o ya riga s, don haka wani tsohon layi da aka manta a sysctl.conf zai danne sabon saiti ba tare da wani gargaɗi ba. Umarnin `systemd-analyze cat-config sysctl.d` yana nuna jerin yadda yake, kuma da shi ya kamata a fara kowane bincike.

Wannan hanya mai sauƙi ce, ba ta buƙatar ƙarin manhaja. Iyakarta ita ce /proc/sys kaɗai take gani. Yawancin abin da ke sa na'ura ta yi sauri ko ta yi nauyi ba ya can. Gwamnan saurin furosesa, wato ƙa'idar da ke ɗaga gudunta ko rage shi, yana /sys/devices/system/cpu. Manyan shafukan RAM da kenel ke haɗawa da kansa, waɗanda a da MongoDB da Oracle suka daɗe suna cewa a kashe, suna /sys/kernel/mm/transparent_hugepage. Mai tsara layin karatu da rubutu a faifai da yawan abin da ake karantowa a gaba suna /sys/block. Wasu kuma sai a layin umarnin da GRUB, manhajar da ke loda kenel lokacin kunnawa, ke miƙa masa. Kafin TuneD, kowannensu da ƙofarsa: wannan a rc.local, wancan a dokar udev (hidimar da ke lura da shigowar na'urori), wani a ƙaramar hidima da wani ya rubuta ya tafi. TuneD ta tattara su a fayil ɗaya mai sassa, [sysctl] da [cpu] da [vm] da [disk] da [net] da [bootloader], mutum ya karanta shi daga sama zuwa ƙasa ya san halin injinsa.

Abu biyu ne suka fi sa ta cancanci wurinta. Na farko, tana ajiye ƙimar da ta tarar kafin ta sauya, idan aka ce `tuned-adm off` ko aka koma wani furofayil sai ta mayar da su. Fayil ɗin sysctl.d ba shi da wannan: ko an goge layi an sake lodawa, ƙimar da aka riga aka rubuta tana nan daram sai an sake kunna na'ura ko an mayar da ita da hannu. Na biyu, `tuned-adm verify` yana kwatanta abin da furofayil ya ce da abin da ke cikin kenel a yanzu, abin da ya saɓa kuma ya rubuta shi a /var/log/tuned/tuned.log. Ga mai kula da injina ashirin, wannan umarni kaɗai ya biya kuɗin sabulu. Haka kuma, da yake tana zaune tana sauraron udev, idan aka saka sabon faifai bayan na'ura ta tashi shi ma zai sami saitinsa.

Furofayil ɗin da ta zo da su

Umarnin `tuned-adm list` yana nuna su duka, `tuned-adm active` ya nuna wanda ke aiki, `tuned-adm recommend` kuma ya faɗi wanda za ta zaɓa idan an bar ta. Zaɓin ba wani bincike mai zurfi ba ne. Idan ta ga injin kwaikwayo ne, sai ta ce virtual-guest. Idan uwar garke ce ta ƙarfe a dangin RHEL, throughput-performance. Sauran kuma balanced. Ba ta auna aikin da injin ke yi, ba ta san faifan nan mai juyawa ne ko NVMe ba wajen yanke wannan hukunci, balle ta san akwai UPS, batirin da ke riƙe inji idan wuta ta ɗauke, ko babu.

Throughput-performance shi ne wanda ya fi yawa a kan uwayen garke, don haka shi ya kamata a dube shi da kyau. Yana ɗora gwamnan furosesa a kan performance, yana hana saurinta sauka ƙasa da ƙololuwa a injinan Intel, yana ɗaga karatun gaba na faifai zuwa KB 4096, yana saukar da vm.swappiness, mai faɗin saurin komawa ga swap, daga 60 zuwa 10, sannan yana ɗaga vm.dirty_ratio daga 20 na asali zuwa 40, ya bar vm.dirty_background_ratio a 10.

Waɗannan biyun na ƙarshe su ne wurin da gizo ke saƙa. Idan manhaja ta rubuta fayil, kenel ba ya kai shi faifai nan take. Yana riƙe shi a RAM a matsayin shafukan da ba a riga an zuba ba. Idan yawansu ya kai adadin dirty_background_ratio, sai kenel ya fara zubawa a bayan fage, manhajar tana ci gaba da aikinta. Idan faifan ya kasa bin sawu har suka doshi dirty_ratio, sai a fara taka wa mai rubutun birki, daga ƙarshe a tsayar da shi sai an sami sarari. Kason ana lissafa shi ne daga RAM ɗin da ke samuwa, wato wanda babu kowa a ciki haɗe da wanda ake iya ƙwatowa, ba daga jimillar abin da aka saka a injin ba. A ɗauki inji mai RAM GB 64 wanda mafi yawansa a sake yake. Kashi 40 cikin ɗari ya kai wajen GB 25. Faifai mai juyawa da ke rubuta MB 150 a daƙiƙa zai ɗauki kusan daƙiƙa 170 kafin ya shanye wannan, wato minti uku ba kaɗan. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar babban kwafi, UPS kuma batirinta ya tsufa ba ta iya riƙe ko minti ɗaya, duk abin da bai sauka ba ya tafi, alhali manhajar da ta yi kwafin tun ɗazu ta ce ta gama.

Kada a wuce gona da iri a nan. Rumbunan bayanai irin su PostgreSQL da MariaDB suna kiran fsync, umarnin da ke tilasta zubawa a faifai nan take, a kan abin da suka tabbatar, don haka ba wannan maɓalli ne ke tsare musu bayanai ba. Kuma a lokacin da babu cunkoso, kenel yana tashi duk daƙiƙa 5 ya zuba duk shafin da ya wuce daƙiƙa 30. Haɗarin yana kan manyan rubuce-rubuce: kwafin ajiya na dare, fayilolin da ma'aikata ke turawa ta Samba, hotunan kyamarorin tsaro. Ko ba a yi maganar wuta ba, akwai illa ta biyu da ake gani kullum. Da zarar tarin ya cika, ko wata manhaja ta kira fsync a bayan wannan dogon layi, sai injin ya yi kamar ya sandare na tsawon daƙiƙoƙi, SSH ya daina amsawa, mutane su fara zargin netwok. A ɗakin bayanai mai katin RAID da batirinsa da faifan da ke rubuta gigabait a daƙiƙa, 40 adadi ne mai ma'ana. A ofis ko makaranta ko ƙaramin asibiti da ke da faifai biyu masu juyawa, ya yi yawa sosai.

Shi ma gwamnan performance yana da kuɗinsa. Furosesa ba ta rage gudu ko da aiki ya yi sauƙi, wanda ke nufin ƙarin wuta daga inbata da ƙarin zafi a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke mutuwa tare da wutar gari. A watannin bazara, inji na iya yin zafin da zai sa shi rage gudu da kansa don kare kansa, a rasa saurin da aka kunna shi dominsa.

Virtual-guest ya gaji duk abin da ke throughput-performance, sai dai ya mayar da dirty_ratio 30 da swappiness 30. Ga VPS, wato injin kwaikwayo da aka yi haya a Turai ko Amurka, babu laifi a bar shi. Saitin furosesa ma ba ya tasiri a can, domin mai masaukin ne ke riƙe da ita.

Latency-performance da network-latency an yi su ne don aikin da ake auna jinkirinsa da miliyan-kashin daƙiƙa. Suna hana furosesa shiga barci mai zurfi, network-latency kuma ya ƙara da sa net.core.busy_read da net.core.busy_poll a 50, ya kashe manyan shafukan RAM da daidaita NUMA, wato matsar da bayanai zuwa RAM ɗin da ke kusa da furosesar da ke aiki da su. Sunan yana ruɗar mutane su ɗauka zai sa shafin intanet ya buɗe da sauri. Ba zai yi ba. Jinkirin da mai waya ke ji a Kano ko Maraɗi daga hanya yake zuwa, ana auna shi da dubun-kashin daƙiƙa goma-goma har ɗari da wani abu, abin da furofayil ɗin ke ragewa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba. Abin da za a tabbata an samu shi ne cin wuta.

Network-throughput yana ɗaga iyakar net.ipv4.tcp_rmem da tcp_wmem zuwa 16777216, wato MB 16. Ko ana buƙatarsa ko ba a buƙata, lissafi ne mai sauƙi: a ninka faɗin layi da tsawon lokacin zuwa da dawowa. Layin megabit 100 a daƙiƙa da jinkirin daƙiƙa 0.15 yana buƙatar megabit 15 a kan hanya, wato ƙasa da MB 2. Iyakar da kenel ya daɗe yana zuwa da ita, MB 6 ga karɓa da MB 4 ga aikawa, ta ishi wannan. Sai layi ya kai gigabit da irin wannan nisa ne buƙata ke haura MB 18, a lokacin kuma MB 16 ɗin ma bai isa ba. Kafin a kunna shi a duba `sysctl net.ipv4.tcp_rmem`, don kada a je ɗagawa a ƙare da saukarwa.

Rubuta naka

Nan ne TuneD ta fi burge ni, domin aikin bai wuce minti goma ba. Furofayil ɗin da suka zo da ita suna /usr/lib/tuned, ba a taɓa su, domin sabuntawa za ta shafe gyaran. Na gida ana ajiye shi a /etc/tuned cikin folda mai sunan furofayil ɗin. Sababbin fitowar manhajar sun ƙara foldar profiles a ƙarƙashin wuraren biyu, don haka a duba wanne ke kan injin kafin a ƙirƙira. Ga misali na uwar garken fayiloli a ofis mai faifai masu juyawa da wutar da ba ta da tabbas, a /etc/tuned/ofis/tuned.conf:

```
[main]
summary=Uwar garken ofis
include=balanced

[sysctl]
vm.dirty_background_bytes=67108864
vm.dirty_bytes=268435456
vm.swappiness=20

[vm]
transparent_hugepages=madvise

[disk]
readahead=>1024
```

Layin include yana jawo balanced gaba ɗaya, wanda ke barin furosesa ta hau ta sauka bisa aiki, abin da ke ƙasa kuma ya hau kansa. Adadin farko MB 64 ne, na biyu MB 256. Da wannan, abin da ke jiran sauka ba zai wuce abin da faifai mai MB 150 a daƙiƙa zai shanye cikin daƙiƙa biyu ba. Babban kwafi zai nuna saurinsa na gaskiya tun daga farko maimakon ya fara da gudu ya tsaya cak a tsakiya, jimillar lokacin kuma ba ta sauya sosai, tunda faifan ne iyaka tun asali. A kan NVMe ana iya ninka kowanne daga adadin nan biyu sau huɗu. Alamar > da ke bayan = a layin readahead tana nufin a rubuta ƙimar ne kawai idan wadda ke nan ta fi ta ƙanƙanta. Ƙaramin abu ne amma yana hana ɓarna da yawa. Misali, net.core.somaxconn, iyakar layin haɗin da ke jiran karɓa, ya kasance 128 shekara da shekaru, kenel 5.4 ya ɗaga shi zuwa 4096. Tsofaffin fayilolin da ke cewa 1024 a yau rage shi suke yi. A sysctl.d babu yadda za a ce "sai idan ya gaza haka".

Daga nan sai `tuned-adm profile ofis`, sannan `tuned-adm verify`, sannan a karanta ƙarshen tuned.log ko da verify ya ce lafiya. Zaɓin yana zama a /etc/tuned/active_profile, zai dawo bayan kunnawa muddin an yi `systemctl enable --now tuned`.

Akwai tarko a maɓallan dirty ɗin nan. Dirty_ratio da dirty_bytes kishiyoyi ne: idan an rubuta ɗaya, kenel ya mayar da ɗayan sifili. Wanda ya yi include na throughput-performance sannan ya ƙara vm.dirty_bytes a [sysctl], ya bar umarni biyu suna faɗa, wanda aka rubuta daga baya ya yi nasara, verify kuma ya riƙa kuka a kan ɗayan. Maganin shi ne a buɗe fayil ɗin uwa a gani. Idan a [sysctl] ta sa su, a ƙara layin drop=vm.dirty_ratio,vm.dirty_background_ratio a wannan sashe. Sababbin fitowa sun mayar da su sashen [vm] da sunan dirty_bytes da dirty_background_bytes, suna karɓar ko adadi ko kaso. Idan haka ne, a can za a gyara, kuma wannan ita ce hanyar da ta fi tsafta. Dalilin da ya sa ta fi: kenel ba ya karɓar sifili a dirty_bytes, don haka idan ta [sysctl] aka bi, lokacin mayarwa TuneD za ta yi ƙoƙarin rubuta sifilin da ta tarar, a ƙi karɓa, iyakar MB 256 ta ci gaba da aiki bayan an kashe furofayil. Sai an rubuta vm.dirty_ratio=20 da vm.dirty_background_ratio=10 da hannu, ko a sake kunna na'ura.

Wa ke danne wa

Tambayar da ta fi cin lokacin masu amfani da TuneD ita ce: idan furofayil ya ce swappiness 10, fayil a /etc/sysctl.d ya ce 1, wanne zai tsaya? Amsar tana /etc/tuned/tuned-main.conf, a layin reapply_sysctl, wanda ke zuwa a 1. Ma'anarsa, bayan TuneD ta gama shimfiɗa nata, tana sake karanta /etc/sysctl.d da /run/sysctl.d da /etc/sysctl.conf ta ɗora su a sama. Abin da mai injin ya rubuta da hannunsa shi ke tsayawa. Abin da ƙunshin manhajoji suka ajiye a /usr/lib/sysctl.d kuwa ba ya cikin wannan kariya, furofayil yana danne shi. Tsari ne mai hankali, sai dai yana da sakamako biyu da ba a bayyana su sosai a takardun manhajar ba. Mutum zai gyara furofayil ɗinsa ya ga babu abin da ya sauya, saboda wani tsohon layi a /etc. Kuma verify zai riƙa faɗuwa a kan wannan maɓalli har abada. Ana iya mayar da reapply_sysctl sifili, amma abin da ya fi shi ne kowane maɓalli ya kasance da gida ɗaya tak. Umarnin `grep -r swappiness /etc/sysctl.conf /etc/sysctl.d /etc/tuned /usr/lib/sysctl.d` yana fito da duk masu da'awa.

To wanne maɓalli zai zauna a ina? Lokacin tashi ne ke raba gardama. Systemd-sysctl tana gudana tun kafin a ɗaga netwok. TuneD kuwa sai can gaba, bayan D-Bus, kafaɗa da kafaɗa da sauran hidimomi. Duk manhajar da ta riga ta tashi, tsohuwar ƙima za ta gani. Elasticsearch yana duba vm.max_map_count lokacin tashi, idan ya tarar da 65530 na asali maimakon 262144 ya ƙi tashi. Nginx yana karɓar iyakar somaxconn ne a daidai lokacin da ya buɗe ƙofarsa, ɗagawar da aka yi bayan nan ba ta shafe shi sai an sake kunna shi. Vm.nr_hugepages yana son a nema tun RAM bai gutsuttsure ba. Irin waɗannan, tare da duk abin da ya shafi tsaro da hanyar fakiti, kamar net.ipv4.ip_forward da rp_filter da kernel.kptr_restrict, gidansu /etc/sysctl.d ne. Bai dace tsaron inji ya rataya a kan manhajar da `tuned-adm off` ɗaya zai kwance ba. TuneD a bar mata abin da ya shafi gudu da wuta.

Tunda an ambaci rp_filter: ofisoshin da ke haɗa layin intanet biyu, misali fayiba da Starlink, suna yawan gamuwa da fakiti na ɓacewa idan ya shigo ta wani layi amsa za ta fita ta wani. Ƙimar 1 ce ke zubar da su, 2 ke sassautawa. Kenel yana ɗaukar wadda ta fi girma tsakanin net.ipv4.conf.all.rp_filter da ta katin kansa, shi ya sa sa all a sifili ba ya kashe komai idan katin yana 1, amma sa shi a 2 yana wadatarwa. TuneD ba ta da hannu a wannan, kuma bai kamata a sa mata hannu ba.

Inda ta gaza

Maɓallan da ba sa bayyana sai an loda wani ɓangare na kenel suna ba ta wahala kamar yadda suke ba systemd-sysctl. Net.netfilter.nf_conntrack_max babu shi sai nf_conntrack ya shigo, net.bridge.bridge-nf-call-iptables babu shi sai br_netfilter. Idan babu, a log kawai za ta rubuta ta wuce. A sa sunan ɓangaren a /etc/modules-load.d, ko a sashen [modules] na furofayil. Haka abin yake ga maɓallan da aka cire: net.ipv4.tcp_tw_recycle ya fita tun kenel 4.12 bayan ya daɗe yana karya haɗin mutanen da ke bayan NAT, wato masu fita intanet da adireshi ɗaya, maɓallan kernel.sched_ da yawa kuma sun ƙaura zuwa debugfs a 5.13. Tsohuwar TuneD a kan sabon kenel za ta cika log da ƙorafin waɗannan, shi ya sa fitowar da ke ma'ajiyar tsohon Ubuntu ko Debian ba ta kai ta dangin RHEL santsi ba, inda ake gwada manhajar da kenel tare.

Sashen [bootloader] shi ne mafi haɗari. Yana taɓa saitin GRUB, ba ya aiki sai an sake kunna na'ura, kuma kuskure a jerin furosesa da aka keɓe da isolcpus na iya barin inji yana rarrafe. Kada a gwada shi a kan injin da ke nesa sai akwai hanyar shiga allonsa ta IPMI, ƙofar sarrafa inji daga nesa, ko ta shafin mai masauki.

A cikin kwantena da VPS irin na OpenVZ ko LXC, kusan ba ta da amfani. Kenel ɗin na mai masauki ne, maɓallan vm. ba sa rubutuwa daga ciki, sai wasu na net. kaɗai. Kuma ba ita kaɗai ke rubutu a /proc/sys ba: Docker yana kunna ip_forward da kansa, kubelet yana sa vm.overcommit_memory a 1 da kernel.panic a 10. TuneD ba ta gadin ƙima bayan ta rubuta. Idan wani ya sauya daga baya, verify zai gani amma ba zai gyara ba sai an sake ɗora furofayil. A laftof kuma kada a haɗa ta da TLP ko power-profiles-daemon, dukkansu gwamna ɗaya suke ja.

Akwai zaɓin dynamic_tuning, wanda ke sa ta riƙa duba nauyin faifai da netwok duk daƙiƙa 10 tana sauya saiti da kanta. A kan uwar garke a tabbata yana sifili. Injin da saitinsa ke sauyawa ba a sani ba yana da wuyar bincike ranar da ya yi ciwo. Akwai kuma daemon=0 ga wanda ba ya son manhajar Python ta zauna a RAM ɗin ƙaramin inji: za ta ɗora saiti ta fita. Sai dai a wannan yanayi an rasa mayarwa, an rasa kula da sabon faifai, kuma hana furosesa barci ba ya aiki, domin yana buƙatar a riƙe /dev/cpu_dma_latency a buɗe. Idan an kai ga wannan, VPS mai RAM GB 1 da ke ɗauke da shafin intanet ɗaya, fayil guda a /etc/sysctl.d mai layi huɗu ko biyar ya wadatar, a cire TuneD ɗin kawai.

Takardunta ma suna da rauni. Shafukan man sun faɗi sunayen furofayil da taƙaitaccen bayaninsu, amma ainihin lambobin sai an buɗe tuned.conf na kowanne, a bi include ɗinsa zuwa uwa da kaka. Abin da ya rage zafin wannan shi ne fayilolin gajeru ne kuma an sa bayani a saman yawancin layukan. Kafin a kunna kowane furofayil a kan injin da ke aiki, a ajiye hoton halin da ake ciki da `sysctl -a > kafin.txt`, a kunna, a sake ɗauka a bayan.txt, a kwatanta su da diff. Sannan a saka aikin gaske, a bar `vmstat 1` a taga ɗaya da `grep -e Dirty -e Writeback /proc/meminfo` a wata, a ga ko adadin Dirty yana tsayawa inda aka ce ya tsaya.